Ƙarya Fure Take: Bayani a Kan Wata Shukar Ado Mai Guba

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi kwas ɗin adabin baka ya san karin maganar nan da Hausawa ke cewa, "Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya." Ni ma na haddace ta tun ina aji ɗaya, na kuma rubuta ta a jarrabawa da ma'anar da aka koya mana, wato maƙaryaci yakan burge mutane na ɗan lokaci, amma maganarsa ba ta haifar da komai. Ashe akwai wata shuka da ake kira ƙarya, wadda take fure na gaske, kuma tana nan dashe cikin tukunya a ƙofar ɗakin gwaggona a Ibadan, shekara da shekaru ina wuce ta safe da yamma.

Yadda aka yi na gano haka shi ne, a hutun da ya wuce an ba mu aikin tattaro sunayen tsirrai hamsin daga bakin Hausawa. Da yake ni ba a ƙasar Hausa na tashi ba, sai na nufi unguwar Sabo, wurin wani dattijo mai sayar da saiwoyi da sassaƙe-sassaƙe. Muka yi kwana uku ina nuna masa ganyaye yana faɗa mini sunayensu. Da ganyayen suka ƙare, sai na koma nuna masa hotunan da ke cikin wayata, har muka zo kan furen gwaggo. Yana kallo sai ya ce, "Wannan ai ƙarya ce."

Raina ya ɗan ɓaci. Na ce, "Haba Baba, wallahi ba ƙarya ba ce, ni na ɗauki hoton da hannuna."

Ya yi ta dariya har da tari, sannan ya ce, "Yarinya, ba ke nake ƙaryatawa ba. Sunanta ke nan." Da ya gama dariyar kuma sai ya dube ni ya ce, "Akwai ƙananan yara a gidan?" Na ce akwai jikokin gwaggo guda biyu. Ya ce, "To, in kin koma ki ce a ɗauke ta daga inda hannunsu zai kai."

Wannan gargaɗi na Baba shi ya sa na shiga karance-karance a kan shukar, kuma abin da na samu ne nake son in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai a wannan maƙala.

Sunan da Yadda Ake Rubuta Shi

Masana tsirrai suna kiran wannan shuka Adenium obesum. Wanda ya fara bayyana ta a rubuce a fagen kimiyya shi ne Peter Forsskal, wani ɗalibin Linnaeus, wanda ya shiga ayarin binciken da Sarkin Denmak ya tura ƙasar Larabawa a 1761. Bai dawo gida ba, domin zazzaɓi ya kashe shi a Yaman a 1763, sai abokin tafiyarsa Carsten Niebuhr ne ya buga rubuce-rubucensa a 1775. A 1819 wasu masana biyu, Roemer da Schultes, suka ware mata jinsi nata na kanta da sunan Adenium, sunan da ake dangantawa da birnin Adan na Yaman. Kashi na biyu na sunan, wato obesum, ma'anarsa da Latin mai ƙiba, saboda kumburarren gindinta. Masu sayar da furanni a bakin titi kuwa da sunan Turanci suka san ta, desert rose, wato wardin hamada. A ƙasashe masu amfani da Faransanci akwai masu kiranta da wani suna mai ma'anar kukar dila, don ta yi kama da 'yar ƙaramar kuka.

Sunanta na Hausa ya daɗe da shiga littafi. J. M. Dalziel, likitan nan da ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya kawo shi a cikin littafinsa na sunayen tsirrai na Hausa da aka buga a 1916, ya kuma danganta shi da ƙaryar da muka sani, saboda shukar tana yawan fure amma da wuya a ga 'ya'yanta. Ke nan karin maganar nan harshen damo gare ta. Wanda ya tashi a garin da ake dasa shukar, in ya ji an ce ƙarya fure take, hoton wata aba ce da ya sani zai zo masa. Mu da muka koyi Hausa a aji, rabin maganar kawai muka samu.

A nan ne kuma matsalar da ta shafe mu kai tsaye take. Wasu sukan furta sunan ƙariya. To, yawancin takardun binciken kimiyya da na gani, da Turanci aka rubuta su, kuma ba sa sa wa harafin farko ƙugiya, sai su rubuta "kariya". Mai karatu ya duba waɗannan kalmomi:

ƙarya, kishiyar gaskiya, da karin sama-sama;
karya, macen kare, da karin ƙasa-sama;
karya, kamar a karya sanda, da karin sama-ƙasa;
kariya, wato tsari ko garkuwa, mai dogon wasali a gaɓar farko.

Ga mu masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, bambanta /k/ da /ƙ/ tsohon ciwon kai ne. Harshena na gida ba shi da sauti tunkuɗau, sai da na yi zango guda ina gwadawa a gaban madubi kafin Malam ya daina mayar da ni baya. A da ina ɗaukar abin a matsayin neman maki kawai. Amma a dubi abin da rashin ƙugiya ya yi a nan: shukar da Bahaushe ya sa wa sunan yaudara ta koma shukar tsari. Wanda ya ci karo da "kariya" cikin jerin magungunan gargajiya da ake turawa a WhatsApp, babu abin da zai zo masa a rai sai maganin da ke kare jiki daga cuta. Tun shekarun 1930 haruffa masu ƙugiya suka zauna a rubutun boko, yau kuma kowace waya tana iya buga su, saboda haka uzurin keken rubutu ya ƙare.

Kamanninta

Ƙarya shukar busasshiyar ƙasa ce. Ana samun ta a daji tun daga Senegal, ta ratsa yankin Sahel har Habasha da Somaliya, ta gangara Kenya da Tanzaniya, sannan ta ƙetare Bahar Maliya zuwa kudancin ƙasar Larabawa. Tana son ƙasa mai yashi ko mai duwatsu. A daji takan kai mita biyu ko uku, wani lokaci fiye, amma a tukunya ba kasafai take wuce ƙugun mutum ba. Gindinta kumburarre ne mai santsi, launin toka, a nan take ajiye ruwan da zai kai ta ƙarshen rani. Ganyenta masu kauri ne da sheƙi, sukan taru a ƙarshen reshe. Idan rani ya yi takan zubar da su, a daidai lokacin ne kuma fure ke ɓarkewa, ja-ja ko ruwan hoda, mai kunnuwa biyar, bakinsa a buɗe kamar kakaki. Sai ka ga itace tsirara babu ganye ko ɗaya, amma ya sha ado kamar amarya.

Game da 'ya'ya kuwa, gaskiya an yi wa ƙarya ƙarya. Tana yin 'ya'ya. Sukan fito biyu-biyu kamar ƙahonin akuya, tsawonsu ya kai taƙi, in sun bushe su tsage, iri ya fito. Kowane ƙwayar iri yana da gashi a kai da gindi, iska ta ɗauke shi. Dalilin da ya sa ba a cika ganinsu a gari ba shi ne, mutane reshe suke yanka su dasa. Idan duk ƙaryar da ke unguwa daga uwa ɗaya aka yanko ta, to tamkar shuka ɗaya ce aka rarraba, ita kuwa galibi tana bukatar ƙwaro ya kawo mata garin fure daga wata shukar daban kafin ta ɗauki 'ya'ya. Abin da Bahaushe ya lura da shi a cikin gari daidai ne, sai dai a daji labarin ya sha bamban.

Dafi da Guba

Kafin in ci gaba, akwai kalmomi biyu da Baba ya gyara mini. Na tambaye shi ko shukar tana da dafi, sai ya ce, "In a kibiya ne dafi, in a ciki ne guba." Wato dafi shi ne abin da ke shiga ta fata, kamar na maciji da kunama da kibiya, guba kuwa ita ce ake ci ko a sha. Na sha jin masu magana suna cakuɗa su, amma rabon ya taimake ni, domin ƙarya ta haɗa duka biyun.

Idan aka karya reshenta, wani ruwa mai danƙo yakan fito, mai ɗacin gaske. Wannan ruwa yana ko'ina a jikinta, daga saiwa har fure. Dangin da ta fito, wanda masana ke kira Apocynaceae, an san su da haka. A cikinsu akwai tumfafiya, wadda kowa ya san nononta, akwai kuma kwankwani, wanda maharban ƙasar Hausa suka daɗe suna haɗa dafin kibiya da 'ya'yansa. Ita ma ƙarya an yi wannan aiki da ita a wurare da dama na Afirka. Mutanen Hadza da ke zaune kusa da tafkin Eyasi a Tanzaniya suna cikin waɗanda aka fi sani da shafa ruwanta a kan kibiya don farautar manyan namun daji, kuma a Namibiya ana amfani da wata 'yar'uwarta ta kusa. Idan dabba ta faɗi, maharbi yakan yanke naman da ke kewaye da inda kibiya ta shiga ya yar. A Senegal da Nijeriya da Kamaru kuma an rubuta cewa masunta suna zuba ta a ruwa don kifi ya bugu ya taso, kamar yadda ake yi da magimfa. Wannan haramun ne a dokar kamun kifi ta cikin ƙasa da Nijeriya ta kafa a 1992, kuma dalilin a fili yake, guba ba ta zaɓen babban kifi ta bar ƙarami, ga kuma mutane da dabbobin da ke shan ruwan.

Me ke cikin ruwan nan? Masana harhaɗa magunguna sun ciro sinadarai kusan 30 daga jikin shukar, dukkansu daga rukunin da ake kira gilaikosayid na zuciya. Bari in gwada bayyana aikinsu yadda wata ƙawata mai karatun likita ta fahimtar da ni, in na kauce 'yan kimiyya su yi mini afuwa.

Kowace ƙwayar halitta ta tsokar zuciya tana da wasu 'yan ƙananan famfuna a bangonta. Aikinsu shi ne fitar da gishirin sodiyam waje da shigo da fotasiyam ciki, dare da rana ba hutu. Wani masani ɗan Denmak, Jens Skou, shi ya gano wannan famfo a 1957, aka kuma ba shi lambar Nobel a kansa a 1997. Sinadaran ƙarya sukan je su toshe famfon. Idan ya toshe, sodiyam ya taru a ciki, taruwarsa kuma ta sa kalsiyam ya ƙaru, shi kuwa kalsiyam shi ke sa tsoka ta matse. Saboda haka in an toshe kaɗan daga cikin famfunan, zuciya takan buga da ƙarfi kuma a natse. In aka toshe da yawa, sai tsarin bugun ya rikice gaba ɗaya, ta yi jinkiri ƙwarai, ko ta riƙa tsallake bugu, ko ta kama karkarwa har ta tsaya. Alamomin farko su ne tashin zuciya da amai da ciwon ciki da gudawa, sai jiri da kasala, wani ma ganinsa ya dushe ko ya riƙa ganin abubuwa rawaya-rawaya.

Abin lura shi ne, aikin da ke warkarwa da wanda ke kisa aiki ɗaya ne. Yawa ne kawai ya raba su.

Amfaninta a Maganin Gargajiya

Abubuwan da masu bincike suka tattara daga bakin masu magani a ƙasashe daban-daban sun kasu gida biyu, na shafawa da na sha.

Na shafawa sun fi yawa. A yankin Sahel ana jiƙa saiwa ko ɓawo a yi wanka da ruwan saboda cututtukan fata da ƙwarƙwata. Ana ɗiga ruwan jikinta a kan gyambon da ya ƙi warkewa, wasu kuma a kogon ruɓaɓɓen haƙori. A arewacin Kenya makiyaya sukan daka busasshen reshe su barbaɗa wa raƙuma da shanu don kashe ƙwarin da ke manne musu a fata. A Somaliya an rubuta ana ɗiga ruwan dafaffiyar saiwa a hanci saboda mura mai naci. A nan Nijeriya an gwada ruwan ɓawonta a ɗakin bincike a kan kaskar shanu, aka ga yana kashe ta, an kuma gwada shi a kan tarwaɗa, ita ma ya kashe ta. Wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da zai kayar da babban naman daji ai ƙwarƙwata ba ta isa ta tsaya masa ba.

Na sha su ne masu ban tsoro. An rubuta cewa a wasu wuraren Sahel ana dafa saiwar, ita kaɗai ko a haɗe da wasu itatuwa, a ba mai ciwon sanyi. An kuma rubuta cewa akwai inda mata ke tauna ɓawon don zubar da ciki. Duk wadda ta yi wannan, ranta ta sa a caca, domin kafin abin ya taɓa mahaifa ya riga ya isa zuciya.

Na koma wurin Baba na karanta masa wannan jeri, ina fassarawa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Wanda ya rubuta wannan ya faɗi abin da ake yi, bai faɗi yadda ake yi ba, bai kuma faɗi wanda ba a ba shi ba." Na ce, "To Baba, kai kana bayarwa a sha?" Ya girgiza kai. Ya ce mahaifinsa, wanda a wurinsa ya gaji sana'ar, ya hore shi da cewa akwai itatuwan da ba a kai su baki, kuma ƙarya tana cikinsu. Ya ce ko a fata ma ba ya sa ta inda rauni ya buɗe sosai, kuma ba ya ba mai ciki ko mai goyo.

Maganar tasa ta tsaya mini a rai, saboda ta taɓa aikinmu. Idan ɗalibi ya je gaban mai magani da littafi da biro, abin da yakan rubuto shi ne suna da cutar da ake magancewa, layi ɗaya, ya wuce na gaba. Sharuɗɗan da ke kewaye da maganin, wato wa ake ba, wa ake hanawa, wane sashe ake ɗiba, mene ne makarinsa, duk sukan zube a hanya don ba su da gurbi a jadawalin da aka zana. Ni kaina haka na cika sunaye arba'in da tara na farko. Daga baya wani ya kwafi jadawalin ya sa a intanet, wani kuma ya karanta ya shiga lambu da wuƙa.

Ba ina cewa ilimin gargajiya wasa ba ne. Tarihin maganin zuciya na asibiti ma daga irin wannan ilimi ya taso. A Ingila, wani likita mai suna William Withering ya sami labarin wani haɗin ganyaye da wata tsohuwa a yankin Shropshire ke ba masu kumburin jiki. Ya bincika ya gano cewa a cikin ganyayen, wata shukar ado mai guba da ake kira Digitalis ce ke yin aikin. Ya shafe kimanin shekara goma yana gwada yawan da ya kamata a bayar kafin ya buga littafinsa a 1785. Daga dangin wannan shuka aka ciro digoxin a 1930, kuma har yau ana ba masu wasu cututtukan zuciya. Haka nan a tafiyar da Livingstone ya yi a kogin Zambezi tsakanin 1858 da 1864, likitan ayarin, John Kirk, ya ajiye burushin haƙorinsa a aljihun da ya sa dafin kibiyar mutanen yankin. Da ya goge baki ya ji ɗaci, ya kuma lura bugun zuciyarsa ya ragu. Dafin nan daga wani ɗan'uwan kwankwani aka yi shi, kuma a 1885 Thomas Fraser na Edinbara ya gabatar da sinadarinsa a matsayin maganin zuciya.

Sai dai a duba yadda asibiti ke riƙe da digoxin. Ƙwaya ɗaya da aka fi bayarwa ba ta wuce kashi ɗaya cikin takwas ko ɗaya cikin huɗu na miligiram ba, kuma akan ɗebi jinin majiyyaci a auna don kada ya taru, saboda tazarar da ke tsakanin abin da ke magani da abin da ke cutarwa 'yar kaɗan ce. To, ina tafin hannu ko ludayi zai iya wannan awo? Ga shi kuma ƙarfin sinadarin a jikin shuka yana sauyawa daga saiwa zuwa ganye, daga tsohuwar shuka zuwa sabuwa, daga damina zuwa rani. A ganina wannan ne ya sa horon mahaifin Baba ya fi jadawalinmu hikima.

Daga Daji Zuwa Tukunya

Yau ƙarya ta zama hajar kasuwar duniya. Masu lambu a Tailan da Taiwan da Indiya sun ƙware wajen haɗa irinta, sun fitar da mai farin fure, da mai ja wur, da mai ratsi-ratsi, da mai fure ninki-ninki. Sukan yi mata aure kamar yadda ake yi wa mangwaro, a ɗora reshe mai kyan fure a kan gindi mai ƙiba, a kuma ɗaga gindin sama da ƙasa don a ga murɗewarsa. Irin waɗannan ne ke dawowa mana, a jera su a bakin titi a Legas da Ibadan da Abuja, a saye su da tsada a kai ƙofar gida da otal da ofis. A nan Kudu ma sai an lallaɓa ta, domin yawan ruwan sama yana ruɓar da gindinta, shi ya sa ake cika tukunyar da yashi.

Na tambayi masu sayar da furanni uku a kan hanyarmu ko sun san tana da guba. Ɗaya ya ce ya sani, yana ma sa safar hannu in zai yanke ta. Biyu suka ce ba su taɓa ji ba. Gwaggo ma da na gaya mata cewa ta yi, "Wannan kyakkyawar?"

Bahaushe yakan sa gargaɗi a cikin sunan tsiro. Zaƙami ana ce masa haukata-yaro, kuma duk wanda ya ji sunan ya san abin da zai biyo baya. Akwai bi-ni-da-zugu, wasu su ce ci-ni-da-zugu, zugu kuwa farin ƙyalle ne na saƙi da ake yin likkafani da shi, wato in za ka ci ni ka tanadi likkafaninka. Sunan ƙarya bai kai waɗannan tsanani ba, amma aƙalla yana cewa kada ka yarda da abin da idonka ya gani. Da shukar ta shiga tukunya ta karɓi sunan wardin hamada, sai wannan ɗan jan kunnen ma ya ɓace. Kuma ba ita kaɗai ba ce. 'Yan'uwanta biyu da aka kawo daga waje, Nerium mai furanni ruwan hoda da Thevetia mai furanni rawaya kamar ƙararrawa, suna cike da harabar makarantu da asibitoci a ƙasar nan, kuma irin gubar da ke cikinsu ke nan. A Siri Lanka 'ya'yan mai rawayan furen sun kai dubban mutane asibiti, da dama kuma sun rasu.

Ban ce a tumɓuke su ba. Ɗacin ƙarya yakan sa yaro ya tofar tun kafin ya haɗiye da yawa, kuma taɓa ganye ko shinshina fure ba ya kisa. Amma yaro mai rarrafe komai baki yake kai wa, akuya da kare da kyanwa ma haka. Wanda ke da ita a gida ya ɗora ta inda yara ba sa kaiwa. In zai yanke reshe ya rufe hannunsa, ya wanke wuƙar da sabulu, kada ya koma yanka albasa da ita. Kada a yi asuwaki ko tsinken nama da reshenta, kada kuma a sa shi a murhu. In ruwanta ya faɗa ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta na tsawon mintoci.

Idan kuwa har wani ya haɗiya, a cire abin da ya rage a bakinsa, a kurkure, a nufi asibiti nan take, a kuma tafi da reshen shukar ko hotonta don likita ya san abin da yake fuskanta. Kada a tsaya jiran alamu, domin gubar takan ɗauki sa'o'i kafin ta isa zuciya, mutum yana zaune kamar lafiya lau. Kada a tura masa yatsa a maƙogwaro. Sannan ga al'adarmu ta nan Kudu, wadda na ga Hausawan Sabo ma sun ɗauka, ta ɗura wa yaro manja duk lokacin da ya sha wani abu. Manja ba makarin wannan guba ba ne, madara ma haka, kuma in yaro ya shaƙe manjan ya gangara huhu an ƙara wata cutar a kan ta farko. A asibiti akwai garin gawayi na musamman da ke kama guba a ciki, akwai allurar da ke ɗaga bugun zuciya in ya yi ƙasa, akwai kuma makarin digoxin, wanda aka gwada a Siri Lanka aka ga yana aiki a kan gubar wannan dangi, ko da yake yana da tsada kuma ba kowane asibiti ke ajiye shi ba.

Gwaggo dai ta ƙi rabuwa da furenta. Ta ce shekara tara tana rainonta, ba za ta yar ba saboda maganar wani tsoho da ba ta taɓa gani ba. Abin da muka daidaita a kai shi ne aka ɗauke tukunyar daga ƙofar ɗaki aka ɗora a kan katangar bayan gida, inda sai da tsani ake kaiwa. Kafin a ɗora na sami fenti na rubuta sunan a jikin tukunyar da manyan baƙaƙe, ƘARYA, na kuma ja ƙugiyar sosai yadda za a hango ta daga ƙasa. Jikanta babba, mai shekara bakwai, ya tsaya yana kallo, ya tambaye ni da Yarabanci me ya sa harafin nan nawa yake da ƙaho.